Daminar da Muka Ajiye Maimai

Ruwan bana ya mai da ni baya. Tun jiya da hantsi ake tsuga shi a Gwallaga, kwatar bakin shagona ta cika ta tumbatsa, masu keke sun fake a rumfar masallaci, mai gasa masara kuma ta jawo murhunta barandata ba ko sallama. Ni tela ne. Shagona yana jingine da wani gidan kallon ƙwallo, bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon kuwa ba abin da yake tarewa. Yau da la'asar ina tsaka da kafa aljihu a wata riga sai na ji wani ƙato ya kwarma ihu daga can ciki:

"A cire tsohon nan! Me yake yi a fili? In ya karɓa ya bayar, in ya karɓa ya bayar. Ko yanka ɗaya bai yi ba tun da aka fara!"

Na san muryar. Nasiru ne mai cajin waya, mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, wanda bai taɓa korar ko kaza ya kama ba, amma kullum yana koya wa Turawa ƙwallo ta cikin talabijin. Sauran suka ɗauka, kowa na zagin wani ɗan tsakiya da bai san suna duniya ba. Na ajiye almakashi na yi tsaki. Ihun nan na san shi tun kafin a haifi Nasiru, ni ma da bakina na taɓa yin sa.

A unguwar nan sunana Kwando. Yara su ce Baba Kwando, mata su aiko da atamfa su ce a kai shagon Kwando. Yawancinsu sun zaci mahaifina saƙar kwando yake yi, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Sunana na yanka Habu, kuma akwai lokacin da duk Gwallaga Habu Makulli ake kirana, don ni ne golan kulob ɗin unguwa, Guguwar Gwallaga. Yadda Makulli ya koma Kwando, a damina ɗaya aka yi shi, shekara talatin da wani abu ke nan.

Daminar ta faro da kyau, ta yaudari kowa. Ruwa ya sauka da wuri, manoma suka yi shuka, gero ya tsiro kore shar. Sai sama ta ɗauke. Kullum da yamma hadari ya taso ta gabas, ya yi baƙi, iska ta kwashe shanyar mutane, sannan ya watse ba ko ɗigo. Zafi ya dawo irin na bazara, ga gumi mai danƙo. Ganyen gero ya nannaɗe. A kasuwa masu hatsi suka ɓoye buhuna suna jiran ya ƙara tsada, su ma da sahun gaba a masallaci. A gidanmu Inna ta daina ɗora tukunyar rana. Da safe koko tsararo, da rana kwaɗon rama ko tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, da dare tuwo malmala ɗaya a raba mana mu uku. Har yau in na ji warin tafasa ana dafawa, cikina ke fara tunawa kafin kaina.

Da wannan cikin muke zuwa atisaye kullum bayan la'asar, a filin firamare. Ina shekara ashirin da biyu, ina koyon ɗinki, don haka ni aka ɗora wa rigunan kulob, in wanke in ɗinke. A nan na fara sanin Sale, ta rigarsa. Riga mai lamba shida ita ce kullum ta fi kowace datti. Sauran in jiƙa in cuɗa sau ɗaya, ita sai na sake ruwa uku. Hammata a yage, wuya a ɓalle, baya duk shatin faɗuwa. Ina wanki ina zaginsa.

Sale manomi ne, daga ƙauyen Miri yake zuwa a kan keke, na ƙafa biyu, ba irin mai rumfa na yanzu ba. Ya ba talatin baya, ya girme mu duka, yana da mata da 'ya'ya huɗu. A gabansa Yaya Sale muke cewa. A bayansa kuwa, da bakin 'yan kallo, Maimai. Da sunan ya zo daga ƙauyensu, mu kuma 'yan birni muka fassara shi yadda hankalinmu ya kai: mai maimaita abu ɗaya. Ai kuwa wasansa ke nan. Ya tare, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa. Ya sake tarewa, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa. Ban taɓa ganin ya ci ƙwallo ba. Takalminsa na roba ne, na noma, ya ɗaure shi da igiyar leda. In ya taɓa ƙwallo sai 'yan bakin fili su ja murya, "Maaaimai! Maaaimai!" ana dariya, shi kuma ko waiwaye.

Ni da ke tsaye a raga ina ganin abin da ba sa gani, sai dai ban ba shi muhimmanci ba. Ƙwallo ba ta cika zuwa gare ni ba. Wani wasan sai in tsaya har ƙafata ta yi sanyi, ina hira da masu sayar da rake a bayan raga. In ta zo ma, ta zo a gajiye, an riga an tura mai ita gefe, ya buga ba daɗi. In cafke da hannu tsirara, in yi birgima don 'yan kallo, a yi ta ihu Makulli, Makulli. Na yarda da su kuwa. Har tafiyata ta sauya a unguwa.

A lokacin farin nan Sale bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Kullum akwai ƙullin buhu a bayan kekensa, dafaffen rogo ne da garin ƙuli-ƙuli da matarsa Ladi ta daka da yaji. In an tashi sai ya kwance a gindin darbejiya ya ce, "Ku matso, samari." Mu rufa a kai kamar awaki. Waɗanda suka gama kwaikwayon gudunsa ɗazu su ne ke fara kai hannu. Ba wanda ya taɓa tambayar ko su a gida sun ci.

A haka muka shiga gasar kofin unguwanni, muka yi ta haurawa. Kocinmu Malam Yohanna ne, malamin firamare, mutumin Bogoro, mai haƙuri da usur a wuya. Amma mai kulob na gaskiya Alhaji Bala ne mai katifa, don shi ya sayi riguna, shi ke biyan motar zuwa wasa. Alhaji bai san ƙwallo ba ko ta sisin kwabo. Abin da ya sani shi ne wanda aka fi yi wa tafi. Ana cikin gasar ya kawo mana wani yaro daga unguwar Ɗan Iya, ɗan wani babban ma'aikaci, ana ce masa Sinima. Sumarsa tana ƙyalli da mai, takalminsa mai ƙusa ne na kanti, safarsa fara tas. Gaskiya ya iya wasa da ƙwallo. Ya ɗora ta a wuya, ya mirgino ta ta baya, ya yanke mutum ya tsaya ya jira shi ya taso ya sake yanke shi. In aka ƙwace kuwa sai ya riƙe ƙugu ya duba takalminsa. Alhaji ya ga ana tafi, ya rantse lamba shida ta dace da yaron nan, wai ɗan tsakiya ai shi ake kallo.

Malam Yohanna ya ce, "Alhaji, wannan yaro ɗin ya iya rawa. Amma in ka cire Sale, tsakiya zai zama hanya, kowa zai wuce."

Alhaji ya ce, "Malam, kai ka san alli. Bar mini sanin kaya."

Maganar ta tsaya nan, don babu dalilin cire mutumin da bai taɓa fashin atisaye ba.

Sai aka fita roƙon ruwa. Muka yi sahu a filin idi cikin rana, tsofaffi na kuka. Kwana biyu bayan nan sama ta ɓalle. Ban manta daren farko ba, kwanon ɗakinmu kamar zai tsage, Inna na tara robobi tana hamdala. Aka yi kwana da kwanaki ana yi. Katangu suka zube a cikin gari, filin firamare ya koma fadama, kwaɗi suka cika unguwa da kuka. Gero ya miƙe, ciyawa ta miƙe tare da shi, har ta fi shi sauri.

Mun ci wasan kusa da na ƙarshe a ranar Laraba, saura kwana goma a yi na ƙarshe. Muna cin rogo a gindin darbejiya Sale ya share hannu a wando ya ce:

"Samari, ina da roƙo. Harƙiya ta taso mini a gona, ni kaɗai sai na yi mako. In kun zo mini gayya ranar Asabar, wuni ɗaya mun gama, ba zan yi fashin atisaye ba. Ladi za ta yi tuwo."

Baki cike da rogonsa kowa ya ce in sha Allahu. Mutum goma sha bakwai. Sinima ma ya ce zai zo, wai yana son ya ga yadda ake yi.

Ranar Asabar mu biyu muka je, ni da Malam Yohanna. Kada a ɗauka kirki ne ya kai ni. Tuwon na ji. Muka hau tsohon babur ɗin Malam, muka isa Miri rana na fitowa, ƙasa na tururi. Ladi ta fito da fara'a tana leƙa bayanmu, tana jiran sauran. Ta dafa na mutum ashirin, a shekarar da ake auna hatsi da tafin hannu. Sale ya dube mu, ya dubi hanya, ya ce, "To, bismilla," ya miƙa mini fartanya.

Geron ya kai ƙirji. In ka sunkuya a cikinsa ka ɓace, ba iska, ba kowa, sai zafi da ƙaiƙayin ganye yana yankar wuya. Ƙasa ta yi nauyi, tana manne wa fartanya. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya ƙage. Malam Yohanna, ɗan manoma ne, yana tafiya daidai. Sale kuwa ba ka ganinsa sam, sai dai ka ga kan gero na motsi can gaba, ka ji sarar fartanya ba tsayawa. In ya kai ƙarshen kunyarsa sai ya juyo ta tawa, ya tsince abin da na bari.

Da azahar muka zauna a inuwar ɗorawa. Mahaifin Sale ya dogaro sanda ya zo yi mana sannu, tsoho tukuf. Ya dubi hannuna ya yi dariya.

"Ɗan birni, yau ka ɗanɗani maimai."

Na ce, "Baba, ai kullum muna tare da shi a fili."

Ya ce, "Ba shi ba, aikin. Wannan da kuke yi shi ne maimai." Ya ga ban gane ba, ya gyara zama. "Noman farko kowa na so. Hatsi na ƙasa, ana ganinka tun daga hanya, ga makaɗi, ga 'yan mata da ruwa. Na biyun shi ne maimai. Hatsi ya rufe ka, ba mai kiɗa, ba mai ganinka. Samari da yawa a nan suke gudu. In kuwa ba a yi shi ba, ka yi wa ciyawa noman farko ne. Wannan tun yana yaro shi kaɗai ke koma mini gona ya yi, ko ban sa shi ba. Ni na sa masa sunan."

Na dubi Sale, yana ta cin tuwonsa. Shekara uku muna ihun sunan nan muna zaton zagi ne, ashe kirarin da ubansa ya yi masa ne muke ja da baki. Bai taɓa gyara mana ba. Na ji kunya, amma ba ta hana ni cin malmala huɗu ba.

Mu uku ba mu ci rabin gonar ba. Sale ya yi fashin atisaye Litinin, Talata, Laraba. Abin da Alhaji ke jira ke nan. Ranar Alhamis ya tara mu a shagonsa, muka zazzauna a kan katifu masu leda, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, abin da wasunmu suka yi wata ba su gani ba.

Ya ce, "Mutum ya ɗauki gona ta fi kulob. To ya zauna a gonar. Ni ba na zalunci, hannu za a ɗaga. Wa ya yarda Sinima ya sa lamba shida ran Asabar?"

Malam Yohanna ya miƙe. "Alhaji, waɗannan da ke zaune su ne suka ce za su je, ba su je ba. Shi ya sa mutumin bai zo ba. Habu yana nan, a tambaye shi."

Duk aka juyo gare ni. Kafin in buɗe baki Alhaji ya jawo aljihun tebur ya fito da wata leda ya ajiye a gabansa. Safar hannu ce ta gola, sabuwa, baƙa da ruwan ɗorawa, tafinta mai laushi. Ban taɓa sa irinta ba, a hoton kalanda kawai nake gani. Ya ce, "Makullinmu ba zai shiga wasan ƙarshe da hannu tsirara ba. Ka ce me, Habu?"

Na ce, "Gaskiya Yaya Sale ya ɗan manyanta."

Hannaye suka tashi, goma sha shida, na goma sha bakwai nawa ne, da bororon gonarsa bai ko warke ba. Malam Yohanna ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya fita. Ba wanda ya ce zai je Miri ya gaya wa Sale. Kowa ya bar wa kowa.

Ranar Asabar an kwana ana ruwa, aka wayi gari da yayyafi. Filin da aka ware wa wasan ƙarshe ya jiƙe sharkaf, tsakiyarsa laka ce zalla. Duk da haka jama'a sun cika, da lema da buhu a ka. Abokan karawarmu 'yan Bakin Tasha ne, ƙarti masu lodin kaya, ba su san ado ba. Muna sa riguna a bayan wani aji sai ga Sale ya faka kekensa, jiƙe, da ƙullin buhu a baya.

"Salamu alaikum. Na gama, samari, jiya da magariba na fita kunyar ƙarshe."

Aka amsa ciki-ciki. Ya miƙo mini hannu in ba shi rigarsa kamar kullum. Sai idonsa ya faɗa kan Sinima, yana gyara suma, lamba shida a bayansa. Ya sauke hannunsa.

"Habu, shawara aka yi ne?"

"An yi, Yaya Sale."

"Har da kai?"

Na sunkuyar da kai ina ɗaure safar hannuna. Ya dube ta. Ya ce, "Ta yi kyau." Ya ɗauki buhunsa ya je bakin fili ya zauna a kan dutse. Na so a ce ya zage ni, ko ya hau kekensa ya tafi. Bai yi ko ɗaya ba.

Minti biyar na farko Sinima ya yi abin da aka kawo shi yi. Ya ɗaga ƙwallo ta kan wani ƙato, fili ya ɗauki sowa, Alhaji ya miƙe yana kaɗa babbar riga. Daga nan laka ta riƙe ƙwallon, ƙaton ya dawo ya ture shi ya wuce. Na ɗaga kai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na fara tsaron raga: mutum uku suna tahowa kaina a guje, ba kowa a gabansu. 'Yan bayanmu sun rabu biyu suna ihu wa juna, kowa na neman wanda ya saba tsayawa a wurin. Sinima na can ya riƙe ƙugu. Na faɗi dama, ƙwallo ta shiga hagu.

Ta biyun ta tsakanin ƙafafuna ta bi. Ta ukun na taɓa ta da sabuwar safa, ta sulluɓe kamar sabulu. Ba wai na lalace ba ne a rana ɗaya. Haka nake tun asali, ba a dai taɓa bari a gwada ni ba. Masu raken da nake hira da su a bayan raga, ɗayansu ya ce, "Wannan ai ba makulli ba ne, kwando ne!" Aka fashe da dariya, har da mutanenmu.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci wani ya fara daga can kusurwa, "Maimai! Maimai!" Wasu suka karɓa. Kan ka ce haka duk ɓangaren Gwallaga ya ɗauka, suna buga ƙafa a laka. Bakunan nan dai, sunan nan dai, sai dai yau ba a jan muryar, ba a dariya. Munafukai. Shekara uku suna yi masa ature, yau da wuta ta kama su sun tuna inda rijiya take.

Alhaji ya rugo, babbar riga duk taɓo. "Malam Yohanna! A sa shi! A sa Sale yanzun nan!"

Sale har ya miƙe, ya fara ɗaure igiyar takalminsa. Wallahi ya yarda zai shiga, bayan duk abin da aka yi masa. Malam Yohanna ya je wurin alƙalin wasa, suka duba takarda, ya dawo a hankali.

"Alhaji, sunansa ba ya cikin takarda. Kai ka rubuta jiya. Ka cire shi, ka sa ƙanin matarka a benci."

Ƙanin matar yana nan zaune, rigar ta matse shi, yana shan rake. Bai taɓa buga ƙwallo ba, an sa shi ne don ya shiga hoto da kofi. Alhaji ya je ya yi magiya, ya yi faɗa, ya kama hannun alƙali zai ja shi gefe. Alƙalin ya fizge hannunsa ya ce doka doka ce.

Sale ya kwance igiyar takalminsa. Sannan ya kwance buhu. "Ku matso, samari, ku sa wani abu a ciki." Muka tsaya cirko-cirko. Yunwa ba ta da kunya, ɗaya bayan ɗaya muka matsa. Ni na tsaya baya. Ya taso da kansa ya kawo mini guda biyu, ya ce a hankali, "Lamba takwas ɗinsu da hagu yake bugawa, ka riƙa matsawa wancan gefen. In sun taho su uku kada ka fito, ka jira." Na cire safa na karɓa.

Na bi maganarsa, na tare guda huɗu da ya kamata su shiga. Biyu suka ƙara shiga duk da haka. Biyar ba ko ɗaya aka tashi. Kafin mu iso Gwallaga sunan ya riga mu, yara na bin motar suna waƙar Kwando.

Washegari na zube riguna zan wanke. Kowace ta yi baƙi da laka, har ba a ganin lamba. Na ɗago lamba shida. Ɗigon taɓo biyu ne a gefe, sai ƙamshin man suma. Ba yagewa ko ɗaya. Na daɗe riƙe da ita, sannan na ninke ta haka nan na ajiye, don ba abin da zan wanke.

Kulob ɗin bai kai wata damina ba. Alhaji ya ce ƙwallo asara ce, ya koma ɗaukar nauyin 'yan dambe. Sinima ya tafi karatu, na ji yanzu babban mutum ne, yana ba da labarin yadda ya yi wasa a zamaninsa. Sale bai sake zuwa fili ba. Ni ma ban sake tsayawa a raga ba, kuma ban je Miri ba. Sau da yawa na yi niyya, sai in ce gobe.

Da kaka, an yanke gero, wata safiya ina ɗaki na ji ƙarar keke a ƙofar gida, na ji sallama.

"Habu Makulli yana ciki?"

Wata biyu ban ji sunan nan ba. Na fito. Sale ne, da damin gero ɗaure a bayan keke, zangarniya manya-manya, cike. Ya sauke ya jingina a zaure.

"Na 'yan gayya ne. Na kai wa Malam Yohanna nasa. A gaida Inna."

Na ce, "Yaya Sale, ni fa..."

Ya ce, "Kunya shida ka yi, na ƙirga. Da ba ka zo ba da sun zama nawa." Ya juya kekensa ya tafi.

Inna ta sussuka, ta daka, ta yi mana fura da tuwo, muka yi kwanaki muna ci da rana, abin da muka manta. Tana ta sa wa mutumin Miri albarka, tana cewa ashe ina da abokan arziki. Na ci. Ban gaya mata komai ba.

Bayan haka duk shekara yakan biyo ta shagona gab da salla da yadin 'ya'yansa, daga baya na jikoki. Daga bakin ƙofa zai ce, "Makulli, ana aiki?" Shi kaɗai a duk Bauchi. Ba da gatse yake faɗa ba, na sha duba fuskarsa ina neman gatsen, ban samu ba. Da na samu da na huta. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, na je jana'iza, a nan na sake taka Miri.

Yanzu ruwan ya ɗan tsagaita. An tashi daga kallo, ga su nan suna fitowa suna tsallake kwata, kowa koci. Kulob ɗin Nasiru ya sha kashi. An cire tsohon da yake ta ihu a cire, aka zura musu biyu a minti goma na ƙarshe, yanzu kuma golan yake zagi. Ya tsaya a barandata ya sayi masara, ya leƙo.

"Baba Kwando, ka ji abin da golan nan ya yi mana? Wallahi kwando ne!" Sai ya kama baki. "Au, yi haƙuri, Baba."

Na ce, "Ba komai, faɗi abinka. Sunana ne, da hannuna na saye shi."